Turken da Kawu Ya Tumɓuke

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa wata Laraba da hantsi, a garinmu da ke arewa da Tawa, kan hanyar Afala. Saƙo ya same ni a biro, wato ofishinmu na Tawa, ban samu mota ba sai da la'asar, ko da na isa an riga an rufe shi.

Kwana uku na yi a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan na sha ƙarya har ta ishe ni. Mutanen da suka shekara huɗu suna ratse hanya in sun hango shi tafe, su ne suka cika tabarmi suna kaɗa kai. Wannan ya ce mutum ne mai gaskiya, wancan ya ce ba za a sake irinsa ba. Har da wani attajiri wanda gonarsa ke yamma da burtalin garinmu, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa rijiya. Ya zo da babbar riga da damin hatsi biyu a kan jaki, ya zauna, ya share ido da bakin hannun riga.

“Mun yi rashin babba,” in ji shi. “Sai dai tsuhwa ta taɓa shi nan ƙarshe. Abin da ya yi ma burtali, Allah shi yahe mai, mu dai mun yahe.”

Aka ce amin. Wallahi aka ce amin, har da liman. Inna, matar Kawu, tana jin su daga bayan zana. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai aiko a ce a mayar da hatsin kan jakin da ya kawo shi. Mutum ɗaya na gani wanda gaisuwarsa ta shiga raina, wani tsohon Buzu makiyayi da ya sauko daga arewa da amawali har hanci. Ya tsuguna nesa da tabarma, ya yi addu'a, ya ce, “Shi kaɗai ya ƙirga ma bisashenmu hanya,” ya tashi ya kama gabansa.

Saboda wannan amin ɗin nake rubutun nan. In aka yi shiru, abin da jikokin Kawu za su taso su tarar shi ne kakansu ya ruɗe da tsufa, ya ɓata burtali, ya jawo faɗa. Ƙarya ce. Na kuma fi kowa sanin ƙarya ce, don da hannuna a ciki.

Kawu bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, sunansa ma da ajami yake rubutawa. Zamanin Nasara aka kama shi aikin hanya, sai wani Bature mai awon ƙasa ya lura yaron ba ya ɓata ƙirga, ya ba shi jan sarƙar awo. Shekara goma sha yana jan sarƙar nan a duwatsun Adar, daga Tawa zuwa Bambai, daga nan har Tabaram. Ya dawo gida ba ko lambar yabo, sai ƙafafu masu kaushi da wata tambaya da ta zame masa jiki: “Ka auna?” Ka ce masa kasuwar Afala da nisa, sai ya ce ka auna? Ka ce wane ya fi wane tsawo, ka auna? Mahaifiyata ta taɓa ce masa furar yau ta fi ta jiya tsami, ya buɗe baki ke nan ta ɗaga ludayi ta ce in ya kuskura sai ta auna masa shi a ka.

A garinmu ba a aza harsashin ɗaki sai an kira shi, kuma ba ya karɓar ko goro. Yadda yake yi na gani ba sau ɗaya ba. Sai ya kafa sandarsa tsaye da rana tsaka, ya ja layi a ƙasa bisa inuwarta. Daga kusurwar ginin ya bi inuwar taki huɗu, sannan ya ƙirga taki nawa zai yi gefe kafin ya taɓa igiyar bango. In ya samu gaba huɗu, gefe ɗaya ta hannun dama, to ɗaya bangon da zai tare wannan dole ya zama gaba ɗaya, gefe huɗu, ta hannun hagu. Ƙirgar ta juye, hannun ma ya juye. In haka ta fito, kusurwa ta zauna, azara za ta kwanta lafiya. In ba ta fito ba, ko wa ya ja igiyar sai an kwance.

Akwai wata gwauruwa a bayan gidanmu da ta yi shekara biyu tana tara tubali da hannunta. Magini ya aza mata bango har gwiwa kafin Kawu ya dawo daga tafiya. Ya zagaya, ya taka, ya ce a rushe gefe guda. Magini ya yi tsalle ya dire, ya ce shekararsa talatin yana gini da ido.

“Shi ya sa ɗakunanka ka kama da ƙwaryar da anka taka,” in ji Kawu. “Matar ga ba ta da mai sake mata wani. Rushe.”

Wata uku ba su gaisa ba. Amma Kawu da kansa ya kwaɓa ƙasar da aka sake aza bangon, ya kawo azara shida daga gidansa, ɗakin kuwa yana nan tsaye har yau.

Ni aka kai lakwal, daga nan kolej a Tawa. Wata rana malamin lissafi ya zana layi biyu a allo, ya koya mana gangaren layi: a duba nawa ya hau, a raba da nawa ya yi gaba. Layi biyu in gangarensu ɗaya ne, har abada ba su gamuwa. In ya bambanta ko da ƙiris, sai sun gamu, ko kusa ko nesa. In kuwa gangaren ɗaya juyin na ɗayan ne, alamar ma ta juye, sun tare juna a kusurwa sosai. Na zauna baki buɗe, don abin da Kawu ke yi da sanda da ƙafa ke nan, an dai sa masa Faransanci. Da hutu na koma gida ina rawar jiki na faɗa masa. Ya saurara har na gama, ya ce, “Ashe su ma sun sani. Madalla da su.” Tun ranar yake kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, don tsokana.

Shekara ta biyu da samun 'yanci na samu aikin tafinta da rubutu a wani biro a Tawa. Wata uku da fara aiki, lokacin ɗari, aka ce za a sake shata burtalin garinmu, don manoma sun ci shi ta ko'ina. Aka turo wani saurayi mai awo, ɗan ƙasa kamarmu, aka haɗa shi da ni tunda garinmu ne. Hausa yake ji sarai, amma a gaban ƙauyawa ba ya yin ta, sai ni in juya. Na sa takalmi sau ciki da wando mai kari, na shiga garinmu a gaban mota, ina jin kaina kamar ni na karɓo 'yancin.

Mai gonar yamma ya yanka mana rago. Muka ci muka yi nak, ni ma na ci, ba zan ɓoye ba. Sai wajen azahar muka fita bakin burtali. Abin awon nan mai ƙafa uku ko daga akwati bai fito ba. Saurayin ya auna faɗin bakin burtalin, taki arba'in, ya kafa turken ƙarfe gabas da yamma. Ya ɗan taka gaba, ya kanne ido, ya ƙara turke ɗaya kowane gefe. Shi ke nan aiki ya ƙare. Ya ce in bazara ta yi a dasa aguwa, itacen shinge, kowane gefe ya bi turakunsa har rijiya. Rijiyar kuwa tana bayan wani tudu, daga inda muke ba a ganin ta, shi kuma bai ga dalilin hawa tudu da cikin da ya cika da nama ba.

Kawu yana gefe yana kallo. Ya ari sandar wani, ya kafa tasa a turken gabas, ta aro a na yamma, ya jera tsakuwa bisa inuwar kowace, don ya sha faɗa mini cewa inuwar sanda biyu a lokaci guda ba ta saɓa wa juna. Ya taka gefen gabas, ya dawo ya taka na yamma, ya sake. Sannan ya zo gabanmu.

“Mushe, hwaɗa mai layin ga biyu ba su tahiya tare. Na gabas, taki goma gaba, guda gehe. Na yamma, taki goma gaba, biyu gehe, kuma duk gabas sunka nuhwa. Kowane goma, na yamma na cin taki guda. Bakin ga arba'in na. Kahin a yi taki ɗari huɗu sun haɗe, rijiya ko tana gaba da nan. Ta ina shanu za su bi?”

Kafin ya rufe baki na gama lissafin a kaina. Ɗaya bisa goma, biyu bisa goma. Yaron da ya shekara biyu a kolej ba zai faɗi wannan ba. Saurayin ya ji komai, kunnuwansa suka yi zafi, ya ce da ni da Faransanci, wane ne wannan tsoho mara takalmi? Ban ce kawuna ne ba. Na ce wani dattijon gari ne.

Mai gari ya juyo wurina a gaban jama'a. “Kai ɗanmu na, kai ka yi karatun ga. Wa ad da gaskiya?”

Na dubi saurayin, wanda abokin mai gidana ne a biro, tare suke shan shayi. Na dubi takalmana. Na ce, “Awon gwamnati ba ya kuskure. Kawu na zamanin da ne.”

Aka yi dariya, mai gonar yamma ya fi kowa. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana jiran in ƙarasa maganar. Ban ƙarasa ba, na shiga mota.

Washegari da safe, kowa na gani, ya je ya tumɓuke turken yamma na biyu, ya kai wa mai gari ya ajiye a gabansa, ya ce a aika a sake awo. Abin da aka aiko gardi ne biyu, dogaran gwamnati. Suka tasa shi gaba a ƙasa har Tawa, mutum mai shekara saba'in, aka jefa shi kaso kwana tara don ya taɓa kayan gwamnati. Gwamnatin da aka ce tamu ce yanzu! Bature ya shekara goma sha yana amincewa da ƙirgarsa, namu suka zo suka rufe shi tare da ɓarayin awaki. Ni aka tura da gardi ɗaya mu mayar da turken, don takardar tana hannuna. Ramin yana nan bai ko rufe ba, gardin ya zura turken ciki ya daddage. Ramin da saurayin ya haƙa ne, ba wani ba, ina tsaye a kai.

Bazara ta yi aka fito dasa aguwa yadda aka saba: mutum ɗaya ya tsaya bayan turke ya kanne ido, yana yi wa masu dashe hannu, su kuma suna gaba. Da suka haye tudu kowa ya ga hanya tana tsukewa. Wasu suka ce a dakata. Mai gonar yamma, wanda gonarsa ke ƙara faɗi da kowane reshen da aka dasa, ya ce wanda ya ƙoshi da zaman gidansa ya kauce wa turken gwamnati, ai an ga yadda aka yi da na farko. Aka ci gaba da dashe. Can kusa da inda layukan za su haɗe aka ɗan karkata, aka bar wata 'yar kafa wadda jaki biyu ba sa giftawa.

Damina ta sauka, hatsi ya kai ƙugu, garken farko ya sauko shan ruwa. Shanu suka shiga ta baki mai faɗi suka cushe a wuya, na baya na turo na gaba, suka fasa aguwa suka watsu cikin gonaki. Aka fito da sanduna. Aka sassare shanu biyu, makiyaya suka rama, hannun ɗan liman ya karye a wuri biyu. Ya warke a shanye, har yau ba ya riƙe hauya.

To, a nan ne mutanen garinmu suka nuna mini ko su wane ne. Ba mai iya cewa gwamnati ta yi kuskure, ba mai iya tunkarar attajiri. Sai aka nemo wanda ba shi da kowa. Daga zaure zuwa zaure magana ta bazu cewa awon farko daidai yake, tsoho ne ya tumɓuke turke, da aka zo mayarwa aka sa shi a wani rami. Mutumin da ya tsaya a gabansu ya faɗa musu taki nawa za a yi hanya ta rufe, tun ba a dasa ko reshe ɗaya ba, shi aka ce ya rufe ta! Waɗanda suka ji da kunnensu suka manta. Aka daina kiran sa aza harsashi. Aka ƙara wa masallaci ɗaki ba a ko gaya masa ba, je ka ga kusurwar, kamar an ja ta da baki. Yara suka riƙa bin sa suna “Ka auna? Ka auna?” iyayensu na jin su.

Sau uku yana hawo jaki ya zo Tawa wurina. Ya zauna a bakin biro har in fito, ya ce in rubuta takarda a zo a sake awo, in kuma faɗi abin da na gani. Na farko na ce sai kumandan, babban jami'in yankin, ya dawo daga rangadi. Na biyu na ce ana shirin ƙara mini girma, a bari ya wuce. Na uku na hango shi ta taga, na fita ta ƙofar baya. Kowane zuwa da guzurin da Inna ta ƙullo mini yake zuwa, ranar nan ma ya bar shi wurin mai gadi.

Ban san abin da ke cin sa ba sai daga baya. Ina zaton ɓacin suna ne. Inna ce ta gaya wa mahaifiyata cewa ya daina cin abincin kirki, in ya idar da salla sai ya daɗe zaune yana motsa yatsu kamar mai ƙirga. In ya hango ɗan liman tafe da hannunsa a rataye, sai ya shige gida.

Wata guda kafin rasuwarsa aka aiko ba shi da lafiya. Na je da rana, na same shi kwance a rumfa, ya zama ƙashi da fata. Muka gaisa. Bai ce mini Mushe ba.

“Ɗana, tambaya guda za ni yi ma, ka ji tsoron Allah. Ina kaso anka maida turken ga, ban gani ba. Kowa na cewa wani rami anka sa shi. Na yi ta tunani, ko ran nan ƙirgata ta ɓace, tsuhwa ce ban sani ba, awon yaron daidai shike ni na ɓata. Kai kana wurin. Wane rami na?”

Na ce, “Ramin farko ne, Kawu. Da idona na gani.”

“Ƙirgata hwa?”

“Daidai take. Ɗaya da biyu, yadda ka faɗa. Tun kana magana na san daidai take.”

Ya lumshe ido. Ina durƙushe ina jiran ya tsine mini, kuma wallahi so nake ya yi, da na samu sauƙi. Sai na ga hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Shekara huɗu kullum ina roƙon Allah gahwara bisa hannun yaron ga.” Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira Inna daga madafa. “Kin jiya? Ashe ba ni na ba.”

Bai tambaye ni dalilin shiruna ba, har na tafi. Ya ma sa aka kawo mini fura.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ciwon shekara huɗun nan ya zama kaffara. Masu karanta wannan ku ce amin dominsa. Ni ban roƙi ku sa ni a ciki ba.